Faransa: Rigimar hanyoyin keke ta koma kan kasafin kuɗin magadan gari

A ranakun 15 da 22 ga watan Maris na 2026 ne aka tsara Faransawa su fita zaɓen kansiloli da magadan gari a ƙananan hukumomi kusan 35,000 da ƙasar ke da su. Ban da tsaro da tsadar gidan haya, akwai wani batu da ƴan takara suka yi ta musayar yawu a kansa, wanda zai iya ba mutumin Maradi ko Damagaram mamaki, wato keke. A ƙasar da ke ƙera motocin Peugeot da Renault, ƙungiyoyin mahaya keke sun zama masu faɗa a ji a siyasar gari, kuma buƙatarsu guda ce: kowace ma'aikatar magajin gari ta ware kuɗi a kasafinta domin gina hanyoyin da mai keke zai bi ya koma gida da ransa.

Shekaru 10 da suka wuce sun nuna cewa ana iya cin wannan yaƙi. Abin da ya faru tun daga ƙarshen 2024 kuma ya nuna cewa nasarar tana tsaye ne da ƙafa ɗaya. Da gwamnatin tsakiya ta janye hannunta, manyan birane masu ƙarfin aljihu sun ci gaba da aiki, yayin da ƙananan garuruwa da dama suka jingine nasu ayyukan. Ga shi kuwa a kan hanyoyin da ke wajen birane ne aka fi kashe masu keke.

Makonni biyu na watan Oktoba

Da yammacin Talata 15 ga Oktoban 2024, a kan titin Malesherbes da ke tsakiyar Paris, direban wata babbar mota irin ta kat-kat ya hau hanyar keke domin kauce wa cunkoso. Ya taka ƙafar wani matashi mai shekara 27 da ke kan kekensa, cacar baki ta kaure tsakaninsu, daga nan motar ta bi ta kan matashin, ya mutu a wurin. Alƙalin bincike ya tuhumi direban mai shekara 52 da kisa da gangan, shi kuwa ya ce ba da niyya ya yi ba. Mamacin ɗan ƙungiyar Paris en Selle ne, kuma ya daɗe yana fafutukar samar da hanyoyin keke a garin Saint-Ouen da ke bakin Paris.

Ranar Asabar 19 ga wata, dubban mutane suka taru a Dandalin Jamhuriya na Paris da gaban ma'aikatun magadan gari a faɗin ƙasar. Ministan sufuri na lokacin, François Durovray, ya karɓi shugabannin ƙungiyoyin, ya kuma ɗora wa Emmanuel Barbe, tsohon shugaban hukumar kiyaye haɗurra, aikin binciken tashin hankali a kan tituna. Rahoton ya fito a watan Afrilun 2025 da shawarwari 40.

Sai dai kafin watan na Oktoba ya ƙare, labari ya tabbata cewa gwamnatin Michel Barnier ta daskarar da asusun da ke taimaka wa ƙananan hukumomi gina hanyoyin keke. Ayyuka kusan 400 da garuruwa da gundumomi suka gabatar, suka kwashe watanni suna jiran amsa, sun tashi a tutar babu. A cikin makonni biyu, masu keke sun samu ta'aziyya daga bakin gwamnati, sun kuma rasa kuɗi daga hannunta.

Asusun yana da tarihi. A watan Satumban 2018, firaminista Édouard Philippe ya ƙaddamar da shirin keke na ƙasa a birnin Angers, da Yuro miliyan 350 na tsawon shekara 7, da burin kai kason tafiye-tafiyen da ake yi a keke daga kashi 3 zuwa kashi 9 cikin 100 kafin 2024. Ba a cimma burin ba. A watan Mayun 2023, Élisabeth Borne ta ɗaga alƙawarin zuwa Yuro miliyar 2 har 2027, wato sama da miliyar 1,300 na sefa, ciki har da Yuro miliyan 250 duk shekara na gina hanyoyi, domin ƙasar ta kai kilomita 100,000 na hanyoyin keke a 2030. Shekara ɗaya da rabi kawai alƙawarin ya yi a raye.

Dalilin gwamnati shi ne bashi. Giɓin kasafin Faransa ya kai kashi 5.8 cikin 100 na arzikin ƙasa a 2024, bashin ƙasa kuma ya haura Yuro miliyar 3,300. Majalisar dokoki ta kifar da gwamnatin Barnier ranar 4 ga Disamban 2024, kuma wanda ya gaje shi, François Bayrou, ya mayar da Yuro miliyan 50 ga harkar keke a kasafin 2025. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan na abin da aka yi alƙawari. In aka raba shi ga al'ummar ƙasar miliyan 68, kowa bai samu ko Yuro 1 ba, bai kai sefa 500 ba a shekara. A watan Fabrairun 2025 kuma aka soke tallafin da gwamnati ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi don sayen keke.

Wa ke da hanya, wa ke da kuɗi?

Domin gane abin da ya sa rigimar ta sauka a ƙofar magajin gari, sai an dubi wanda ya mallaki tituna. Faransa na da hanyoyi sama da kilomita miliyan 1. Kusan kilomita 700,000 na ƙananan hukumomi ne, wajen 380,000 na gundumomi, abin da ke hannun gwamnatin tsakiya kuwa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Minista na iya yanke kirtani ya yi jawabi, amma wanda zai rage faɗin titin mota, ya cire wuraren ajiye motoci, ya zuba dakalin siminti tsakanin mai keke da babbar mota, shi ne magajin gari ko shugaban haɗakar ƙananan hukumomi. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, kuma shi maƙwabta ke zagi in aikin ya toshe musu ƙofa.

Sai dai ƙarfin ƙananan hukumomin ba ɗaya ba ne. Kusan rabinsu ba su da mazauna da suka kai 500. Doka ta hana su cin bashi don biyan albashi da hidimar yau da kullum, sai don aikin gini kaɗai. Tun 2023 kuma aka kammala soke harajin zaman gida da suke karɓa daga mazauna, aka maye gurbinsa da kason da ba su ke yanke yawansa ba. Kasafin 2025 ya ƙara neman su tsuke bakin aljihu da sama da Yuro miliyar 2, sa'annan asusun kare muhalli da suke ɗiba a ciki ya sauko daga Yuro miliyar 2.5 da aka tsara a 2024 zuwa miliyar 1.15.

A nan ne amfanin tallafin gwamnati yake. Ba ya biyan aiki dukansa, wani kaso yake ɗauka, wani lokaci har rabi. Amma da zarar magajin ƙaramin gari ya samu takardar amincewar gwamnati, sai ya je da ita wurin gunduma da jiha, har da asusun Tarayyar Turai, kowa ya sa nasa. In tubalin farko ya zame, sauran ginin sai ya bi shi. Ga ƙauyen da ke son haɗa unguwanninsa da kwalejin da ke garin maƙwabta da hanyar keke ta kilomita 3 ko 4, musamman in akwai gada ko hanyar jirgin ƙasa a tsakani, kuɗin na iya fin abin da yake kashewa a gine-gine na shekaru.

Yadda masu keke suka koyi lissafi

Ƙungiyoyin masu keke ba baƙi ba ne a Faransa. Ta Paris mafi daɗewa, MDB, an kafa ta tun 1974, babbar haɗakarsu ta ƙasa mai suna FUB kuma a 1980, da hedikwata a Strasbourg da ƙungiyoyi sama da 500 a ƙarƙashinta. Sun yi shekaru suna zanga-zanga da ƙararrawar keke ba tare da sun samu abin a zo a gani ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne sun bar roƙo, sun koma bin diddigin kuɗi, ta hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce ƙidaya. A 2015, magajiyar garin Paris Anne Hidalgo ta sanar da shirin keke na Yuro miliyan 150 zuwa 2020. A farkon 2017, ƙungiyar Paris en Selle, wadda a lokacin ba ta wuce shekara biyu da kafuwa ba, ta buɗe shafin intanet ɗauke da taswirar duk titin da aka yi wa alƙawari, ƴan sa-kai suna zagayawa suna duba inda aka yi aiki da inda ba a taɓa ba. Sakamakon farko ya nuna kashi 4 cikin 100 kaɗai aka aiwatar. Jaridu suka ɗauki wannan adadi, ya zama abin kunya ga ma'aikatar magajin gari, kuma daga nan ne aka ga injinan aiki a manyan tituna irin su Rivoli da Sébastopol. Shirin bai kammala a wa'adinsa ba, amma tun daga lokacin kowane jami'i ya san akwai masu riƙe da ma'auni.

Ta biyu ita ce jin ra'ayin jama'a. Tun 2017 FUB ke gudanar da ƙuri'ar da mazauna ke bai wa garinsu maki kan sauƙin hawan keke, daga A zuwa G. A zagayen farko mutane 113,000 suka amsa, a 2021 kuwa sun haura 277,000. A waccan shekara Grenoble ce ta zo ta ɗaya a manyan birane, Strasbourg da Rennes na biye, Marseille kuma ta saba zama a ƙasan jeri. Masu amsawa kan nuna a taswira mahaɗar da suka fi jin tsoro. Babu magajin garin da ke son jaridar yankinsa ta buga cewa garin maƙwabta ya fi nasa maki ana gab da zaɓe.

Ta uku ita ce kotu. Wata doka ta 30 ga Disamban 1996 kan tsabtar iska, wadda ministar muhalli Corinne Lepage ta gabatar, ta wajabta cewa duk lokacin da za a gina ko a sabunta titi a cikin gari, sai an tanadi hanyar keke. Magadan gari da yawa sun yi kunnen uwar shegu da ita har sai da ƙungiyoyi suka fara kai ƙara. A 2003 wata ƙungiyar masu keke ta birnin Valence ta yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara ta Lyon, ta Brest ma ta yi nasara daga baya, kuma dokar sufuri ta Disamban 2019 ta ƙara fayyace wajibcin. Hikimar dokar ita ce araha: in an riga an tone titi don sauya bututun ruwa ko zuba sabuwar kwalta, ƙara hanyar keke ba ya cin kuɗi kamar a dawo a sake fasawa.

Ta huɗu ita ce akwatin zaɓe, kuma birnin Montpellier ne misalin da aka fi ambata. A ƙarshen 2018, magajin garin Philippe Saurel ya faɗa a wata hira cewa gina hanya don mutum biyu su yi amfani da ita ba dabara ba ce. Masu keke suka ɗauki kalmar suka mayar da ita taken gangami, kowa na cewa shi ne ɗaya daga cikin biyun. Ranar 10 ga Nuwamba sama da mutum 1,000 suka hau kekuna zuwa ma'aikatar magajin gari. Saurel ya sauko, ya naɗa jami'i na musamman kan harkar keke, ya yi alƙawarin kuɗi. A zaɓen 2020 ya sha kaye a hannun Michaël Delafosse, wanda ya tsara Yuro miliyan 150 na tafiyar keke da ta ƙasa a wa'adinsa. Dalilan faɗuwar Saurel suna da yawa, amma ƴan siyasar sauran birane sun ɗauki darasi: baki shi ke yanka wuya.

Abin da kuɗin ya haifar

Paris ce ta fi nuna abin da ke faruwa in an zuba kuɗi. Yajin aikin jiragen ƙasa na Disamban 2019 ya tura dubban mutane kan keke, sa'annan annobar korona ta zo. A watan Mayun 2020 aka shata kimanin kilomita 50 na hanyoyin wucin gadi da fenti da turakun roba, aka kuma hana yawancin motoci bin titin Rivoli. A 2021 majalisar birnin ta amince da sabon shiri na Yuro miliyan 250, kusan miliyar 164 na sefa, domin samar da kilomita 180 na hanyoyi masu kariya zuwa 2026.

Wani bincike da cibiyar Institut Paris Région ta fitar a watan Afrilun 2024, bayan bin sawun tafiye-tafiyen mutane sama da 3,000, ya gano cewa a cikin birnin kashi 11.2 cikin 100 na tafiye-tafiye a keke ake yin su, mota kuwa kashi 4.3. A 2010 kason keke bai wuce kashi 3 ba. Hanyar keken Sébastopol kaɗai na ɗaukar sama da mahaya 10,000 a ranar aiki. Daga cikin masu bin waɗannan hanyoyi dare da rana akwai matasa masu kai abinci gida-gida, waɗanda da yawansu baƙi ne daga Afirka ta Yamma. Su keke ne jarinsu, kuma ruwa ko sanyi sai sun fita, saboda haka ingancin hanya ya fi shafar su fiye da ma'aikacin ofis da ke da zaɓin shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Batun bai tsaya ga ɓangaren siyasa ɗaya ba. A farkon 2020 gamayyar ƙungiyoyin keke na jihar Île-de-France ta zana da kanta taswirar manyan hanyoyi 9 da za su haɗa Paris da garuruwan kewaye, ta kwaikwayi tsarin layukan jirgin ƙasa. Shugabar jihar, Valérie Pécresse, ƴar ɓangaren masu ra'ayin riƙau, ta karɓi tsarin ta ce za ta sa har Yuro miliyan 300. A Lyon, masu rajin kare muhalli da suka ci zaɓen 2020 ƙarƙashin Bruno Bernard sun ware kusan Yuro miliyan 280 don wani tsari makamancin wannan.

Hukumar muhalli da makamashi ta ƙasar, ADEME, ta ƙiyasta a 2020 cewa ana buƙatar kusan Yuro 30 kan kowane mutum a shekara, wajen jika 20 na sefa, in ana son keke ya samu gurbi na gaske. Ko shirin Paris, in aka raba shi ga mazauna miliyan 2.1 a shekara 6, wajen Yuro 20 yake bayarwa. Masu fafutukar na cewa kuɗin ba asara ba ne: wani binciken lafiya da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa hawan keken da Faransawa suka yi a 2019 ya hana mutuwar kusan mutum 2,000 ta hanyar rage cututtuka irin su ciwon suga da na zuciya. Matsalar siyasa a nan ita ce magajin gari ne ke biya, asusun inshorar lafiya na ƙasa ne ke cin riba.

Inda ake mutuwa ba can kuɗin yake ba

Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra sun nuna masu keke 187 ne suka mutu a titunan Faransa a 2019. A 2022 adadin ya kai 245, kuma tun daga nan bai sauko ƙasa da 200 ba. Fiye da rabin waɗannan mace-mace a wajen gari suke faruwa, kan hanyoyin gundumomi da mota ke gudun kilomita 80 ko 90 a awa, ba tare da ko gefen da mai keke zai raɓe ba. A cikin Paris, duk da cunkoson kekuna, mamatan ba sa kai 10 a shekara.

Wannan ne ya sa daskarar da asusun ya fi ciwo fiye da yadda adadin kuɗin ke nunawa. Paris da Lyon da Strasbourg na da injiniyoyi da harajin kamfanoni da damar cin bashi, za su ci gaba ko da gwamnati ko babu. Garin mai mutum 3,000 kuwa ba shi da ko ma'aikaci ɗaya da ya ƙware kan zanen hanya. Ya biya kamfanin bincike ya haɗa masa takardu, kansiloli sun yi muhawara sun amince, an shawo kan manoman da za a ɗebi gefen gonakinsu, sai aka wayi gari babu tallafi. Kuɗin binciken ya tafi, yara kuma na ci gaba da jiran iyaye su kai su makaranta a mota.

Kuma akwai buƙatar. Hukumar ƙididdiga ta INSEE ta nuna cewa kashi 60 cikin 100 na masu zuwa aikin da bai kai nisan kilomita 5 ba da mota suke zuwa. Tafiya ce ta minti 20 a keke. Abin da ke hana su, kamar yadda ƙuri'un FUB suka sha nunawa, shi ne tsoron mota. Keke mai lantarki ya rage wahalar tudu da nisa, amma bai rage gudun tirela ba.

Ƙasar Holland, wadda ake buga misali da ita, ta bi ta wannan hanya. A 1971 mutane kusan 3,300 suka mutu a titunanta, sama da 400 yara ne. Iyaye suka kafa gangamin da ya kira abin kisan yara, rikicin man fetur na 1973 ya ƙara musu ƙarfi, gwamnati ta fara biyan kaso mai tsoka na ayyukan garuruwa. Yau ƙasar na da kimanin kilomita 35,000 na hanyoyin keke, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiye a keke ake yi. Abin da ya kai ta nan shi ne an yi shekara 50 ana sa kuɗi ba tare da yankewa ba.

Masu adawa ma na da ta cewa

Ba kowa ke tafa wa wannan sauyi ba, kuma ƙorafin ba na banza ba ne. Masu gyaran famfo da lantarki da ke shigowa Paris daga garuruwan kewaye da kayan aiki na cewa awannin da suke ɓatawa a cunkoso sun ƙaru. Ƴan kasuwa na kukan rasa wurin sauke kaya. Tsofaffi da naƙasassu na cewa tsallaka titi ya zama tashin hankali, domin wasu mahaya keke ba sa tsayawa a danja. Ana kuma nuni da bashin birnin Paris da ya ninka tun zuwan Hidalgo a 2014. Ko ƙuri'ar da aka kaɗa a Fabrairun 2024 don ninka kuɗin ajiye manyan motoci sau uku, ƙasa da kashi 6 cikin 100 na masu rajista ne suka fito.

Akwai kuma tsohuwar ɓaraka tsakanin birni da karkara. Mako guda bayan gangamin Montpellier, ranar 17 ga Nuwamban 2018, masu riguna ruwan ɗorawa suka toshe shataletale a faɗin ƙasar saboda ƙarin harajin man fetur. A idon da yawa daga cikinsu, keke abin ƙawa ne na ƴan bokon tsakiyar birni, waɗanda ke da jirgin ƙasa a ƙofar gida. Janye tallafi daga ƙananan garuruwa na ƙara gaskata wannan zargi, tunda hanyoyin keke za su ci gaba da yawa a unguwannin masu hali su kaɗai.

Su kansu ƙungiyoyin keke na amsa cewa yawancin rikicin daga rabin aiki yake fitowa. Layin fenti a gefen titi yana da araha, yana kuma ƙara yawan kilomita a rahoton magajin gari, amma motoci na hawa kansa kamar yadda aka gani a Malesherbes. Hanyar da ta yi kyau ta zo ta yanke a mahaɗa kan jefa mai keke tsakiyar motoci a daidai inda haɗari ya fi yawa. Wadda aka matse a kan dakalin masu tafiya a ƙasa kuma ita ke haɗa mai keke faɗa da tsohuwa mai sanda. Gyaran mahaɗa da gada shi ne mai tsada, shi ne kuma ake fara yankewa in kuɗi ya yi ƙaranci.

Abin lura a zaɓen Maris na 2026

Anne Hidalgo ta sanar tun Nuwamban 2024 cewa ba za ta nemi wa'adi na uku ba. Tsohon mataimakinta Emmanuel Grégoire ne jam'iyyar gurguzu ta tsayar, domin ya kara da Rachida Dati ta ɓangaren masu ra'ayin riƙau, wadda ta daɗe tana sukar yadda ake tafiyar da ayyukan titi a birnin. A Lyon, Jean-Michel Aulas, tsohon shugaban kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Olympique Lyonnais, ya shiga takara da magajin gari Grégory Doucet, kuma cunkoso da tone-tonen tituna sun kasance cikin manyan makamansa.

Abin lura shi ne da wuya a ji babban ɗan takara ya fito ƙarara ya ce zai rushe hanyoyin da aka gina. Kalmomin da ake ji su ne a dakata, a sake nazari, a daidaita tsakanin kowa da kowa. A harshen kasafi, dakatawa na nufin layin kuɗin ya koma sifiri ba tare da an yi faɗa da kowa ba. Shi ya sa ƙungiyoyin suka daina gamsuwa da ɗan takarar da ya zo taro a kan keke don a ɗauke shi hoto. Tambayoyinsu uku ne: Yuro nawa kan kowane mazauni a shekara, kilomita nawa masu dakalin kariya da ba su yanke a mahaɗa ba, kuma wa zai wakilci garin a majalisar haɗakar ƙananan hukumomi, inda a wurare da dama a can ake yanke shawarar tituna da sufuri.

Wa'adin magajin gari a Faransa shekara 6 ne, kuma babban aikin titi kan ci shekara 3 ko 4 daga zane zuwa buɗewa. Aikin da bai shiga tsarin shekarar farko ko ta biyu ba, da wuya ya ga haske kafin wani zaɓen. A shekarar zaɓe, doka ta bai wa majalisun garuruwa har zuwa 30 ga Afrilu su amince da kasafinsu. A cikin waɗannan takardu, da gyare-gyaren da sababbin kansiloli za su yi musu, za a ga garin da ya ɗauki ran mai keke da muhimmanci, kuma ƴan sa-kai masu taswira da ma'auni sun riga sun shirya karanta su layi bayan layi.